Muryar da ta Tsufa da Faifan da Bai Tsufa ba

A ƙasar Dakoro, musamman can wajen Azagor inda gonaki ke raguwa makiyaya ke buɗewa, bikin Abzinawa ba ya cika sai an buga tende, a zamanin nan kuma sau da yawa sai an haɗa da jita. Samari kan tayar da injin wuta bayan isha'i, su girke lasifika a bakin tabarma, su shiga rera waƙoƙin da iyayensu suka fara ji a kaset tun shekarun 1980 da 1990. A irin wannan dandali akwai wani baƙon abu da a da babu shi: mai sauraro kan zo da waƙar a aljihunsa. Tana cikin katin wayarsa, ya ji ta sau ɗari bisa raƙumi ko bisa babur, ya haddace har wurin da mawaƙin ke jan numfashi. To, idan aka ce dattijon da ya saba rera ta tun yana saurayi shi ne zai karɓi makirufo, sai yaron ya kasa kunne, can ya taɓa na kusa da shi ya ce: ai ba haka take ba, ya sauke ta.

Gaskiyarsa, an sauke ta. Abin dubawa shi ne ko saukewar aibi ce. Masu sha'awar kiɗan rok, wato kiɗan jita mai lantarki da ganguna wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila, sun daɗe suna wannan gardama a kan manyan ƙungiyoyinsu. Tun da jitar Abzinawa ƴar uwar wancan kiɗa ce, ya dace a fara da abin da ya tabbata a can kafin a dawo gida.

Kowace waƙa tana da mazauni, wato tsayin sautin da aka kafa ta a kansa. Shi ne Faransawa ke kira tonalite. Ana iya ɗaga waƙa ɗungum ko a sauke ta ɗungum ba tare da karinta ya sauya ba, kamar yadda makiyayi ke tsige bukkarsa daga tudu ya kafa ta a kwari: itatuwanta da tsarinta suna nan yadda suke, wurin zama ne kawai ya sauya. Ma'aunin wannan hawa da sauka yana nan a wuyan jita, inda kowace gaɓa take rabin taki, gaɓa biyu kuwa taki guda. Sautin da ake daidaita kayan kiɗan Turai da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. In an sauka rabin taki ya koma wajen 415, in an sauka taki guda ya koma 392. A takarda tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A maƙogwaron mai shekara 60 kuwa, ita ce ke raba wanda zai kai ƙarshen wasa da muryarsa da wanda za ta dushe masa tun a waƙa ta biyar.

Shahararren misali shi ne na ƙungiyar Led Zeppelin. Ranar 10 ga Disamba 2007 ta sake haɗuwa a zauren O2 na birnin Landan domin wasa na dare ɗaya, bayan ta watse tun 1980. Mawaƙinta Robert Plant yana da shekara 59 a lokacin, alhali yawancin waƙoƙin ya ɗauke su ne yana ɗan ashirin da ƴan kai, sa'ad da muryarsa ke tashi kamar kukan shaho. An sauke da dama daga cikinsu da taki guda, har da Stairway to Heaven ta 1971, kuma duk mai jita a hannu yana iya gwadawa da fim ɗin wasan da aka fitar a 2012. A shekarar 2007 ɗin dai ƙungiyar Genesis ta yi wa Phil Collins irin wannan sassauci, ta kuma ƙara yi masa a rangadinta na ƙarshe da ya ƙare a Maris 2022, wanda ya yi a zaune bisa kujera, ɗansa yana buga masa ganguna. Metallica tun tsakiyar shekarun 1990 take sassauta tsirkiyoyinta da rabin taki a dandali. Elton John kuwa an yi masa aiki a maƙogwaro a Ostareliya a farkon 1987, muryarsa ta yi kauri daga nan, tsofaffin waƙoƙinsa suka bi ta ƙasa. Ke nan amsar tambayar ko ana yi ba ta da wuya: ana yi, kuma ba a ɓoye ake yi ba.

Dalilin yana cikin halittar ɗan Adam. A maƙogwaro akwai tantani biyu da iskar huhu ke kaɗawa. Gwargwadon ɗamewarsu, gwargwadon tashin murya, tamkar tsirkiyar goge. Idan shekaru suka ja, naman da ke cikinsu kan rame, laushinsu ya ragu, guringuntsin da ke riƙe da su ya yi tauri ya doshi zama ƙashi, huhu kuma ya rage yawan iskar da yake iya turawa. Abin da ke fara tafiya shi ne ƙololuwar murya da tsawon numfashi. A ƙara da taba, da kwana a tsaye ana ihu a kan ganguna, a ƙasar Sahel kuma a ƙara da ƙurar hunturu. Babu horon da ke hana wannan aukuwa. Horo yana jinkirta shi ne kawai.

Ba kowace saukewa ce ta tsufa ba ma. Jimi Hendrix yana saurayi yake sassauta jitarsa da rabin taki. Tony Iommi na Black Sabbath inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta tun yana ɗan shekara 17, don haka a faifan Master of Reality na 1971 ya sassauta tsirkiyoyinsa sosai domin ya rage zafin dannawa, sai ga shi larura ta haifi wani amo mai nauyi da dubban makaɗa suka kwaikwaya daga baya. Hatta ma'aunin 440 ɗin ba saukakke ba ne. A 1859 gwamnatin Faransa ta kafa doka ta tsayar da shi a 435, bayan mawaƙa sun yi ta kukan cewa masu kayan kiɗa na ta ɗaga sauti suna wahalar da su. Sai a taron Landan na 1939 aka amince da 440. Waƙoƙin Schubert, wanda ya rasu a 1828, har yau ana buga su a littattafai daban-daban, na mai siririyar murya da na mai kakkaura, ba a kuma taɓa jin wanda ya kira haka ha'inci ba. Tunanin cewa waƙa tana da mazauni guda tilo wanda barinsa cin amana ne, faifai ne ya haife shi. Kafin faifai babu wanda ya taɓa samun damar zaunar da dattijo kusa da ƙuruciyarsa ya ce su yi gasa.

Duk da haka, kada a raina ƙorafin masu ƙorafi, domin yana da tushe. Rok na shekarun 1970 an gina shi ne a kan muryar saurayi da ke gab da tsinkewa. Wannan ɗar-ɗar da mai sauraro ke ji, ko zai kai ko ba zai kai ba, wani yanki ne na ma'anar waƙar. In an sauke ta, mawaƙin ya samu sarari, amma haɗarin ya tafi, ya kuma tafi da wani abu na armashinta. Jita ma kan sauya hali: tsirkiyar da aka sassauta amonta kan yi duhu, kaifinsa ya ragu. Sannan saukewa tana da iyaka, saboda tsufa na cin murya ta sama da ta ƙasa. In aka matsa, sai baitocin da ke ƙasa tun asali su nutse, a daina jin kalmominsu. Paul McCartney, wanda aka haifa a 1942, an san shi da ƙin sauke mafi yawan waƙoƙinsa. Masoyansa na yaba masa a kan haka, sai dai kuɗin da yake biya a fili yake, domin akwai wuraren da muryar ke rawa, jama'a su rufa masa asiri da tasu.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi ƙima. Joni Mitchell ta fitar da waƙarta Both Sides Now a 1969 da murya garau ta budurwa. A 2000 ta sake ɗaukar ta da muryar da shekaru da taba suka mayar ƙasa, ta rage mata gudu, sai waƙar da a da take kamar hasashen yarinya game da duniya ta koma shaidar wadda ta gani da idonta. Plant shi ma, a wasanninsa da Alison Krauss, ya warware wasu waƙoƙin Led Zeppelin ya sake saƙa su a hankali, cikin muryar da yake da ita a yanzu. Waɗannan ba neman rangwame suka yi ba. Sun tambayi kansu abin da tsohuwar murya ta iya wanda sabuwa ba ta iya ba, suka gina a kai. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Da an kai wannan gardama gaban makaɗan Hausa na dauri, da wuya su gane abin da ake jayayya a kai. Goge da kukuma da gurmi da molo da garaya babu wanda ke da tsayayyen mazauni. Makaɗi kan ɗame tsirkiya ko ya sassauta ta har ta zo daidai da maƙogwaron da zai hau kanta a wannan dare. Gobe in an tashi da mura ko an kwana ana wasa, a sake ɗauri. Mai kalangu yana matse igiyoyinsa a hammata yana bin muryar ubangidansa sama da ƙasa. Tenden da matan Abzinawa ke bugawa turmi ne aka rufe da fatar akuya, ana yayyafa mata ruwa, ana danne taɓaren da ke ɗame ta, har amon ya dace da mai bayar da waƙa. Imzad, gogen matan Abzinawa mai tsirkiya ɗaya wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, shi ma haka ne. A nan kayan kiɗa ne bara, murya ce uwar ɗaki.

Harshen kansa ya taimaka. Malaman Hausa sun san cewa karin sauti ba tsayayyen tsayi ba ne, dangantaka ce tsakanin gaɓa da maƙwabciyarta. Kuka na hawaye da kuka ta miya ba sa rikicewa, ko yarinya ce ta furta su ko tsoho mai muryar gwaza, domin abin da kunne ke bi shi ne ko gaɓa ta biyu ta tsaya a sama ko ta faɗo. Waƙar baka tana tafiya ne a kan wannan hawa da sauka, saboda haka ana iya sauke ta ɗungum ba tare da harafi ɗaya ya salwanta ba. Abin da Bahaushe ke auna mawaƙi da shi kuwa shi ne azanci da zalaƙa, da iya kirari, da sanin asalin wanda ake wasawa, da habaicin da zai soki mutum a bainar jama'a ba a ambaci sunansa ba. Duk waɗannan shekaru ƙara su suke yi. Alhaji Mamman Shata ya shafe sama da rabin ƙarni yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999. Wanda ya jera faifansa na farko-farko da bidiyonsa na shekarun 1990 zai ji muryar ta yi kauri, ta yi ƙasa, ta ɗan dushe, amma ba a ji masu sauraronsa suna cewa ya ci amanar Bakandamiya ba. An ɗauke ta sau da dama, kowane ɗauka da tsawonsa da baitocinsa, babu kuwa wanda aka naɗa wa rawanin cewa shi ne na asali.

Wannan ba ya nufin tsufa ya bar mawaƙan Hausa sun sha. Abin da yake ƙwace musu shi ne numfashi da ƙarfin kai murya nesa, wanda kafin zuwan lasifika shi ne jarin mai waƙar noma ko ta dambe a buɗaɗɗen fili. Maganin da al'ada ta tanada shi ne ƴan amshi. A tsarin makaɗan fada, jagora kan ɗauko ɗan waƙa, ƴan amshi su karɓe su ƙarasa, su koma gindi, shi kuwa ya samu sararin haɗiye yawu. Idan ya manyanta, rabonsa kan ragu nasu ya ƙaru, ba tare da an yi shela ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna kafin ya ja ragama, daga baya ƴaƴansa suka tsaya a bayansa shi ma. Wato ƙungiyar makaɗa ba abokan aiki ba ce kawai; tanadi ce ta ranar da muryar jagora za ta gaza, kuma makaranta ce ta wanda zai gaje shi. Wanda ba shi da wannan garkuwa shi ne irin su Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya guda. Irinsa ba shi da wurin ɓuya, sai dai ya sassauta tsirkiyar ya ci gaba, kuma babu wanda ya ga laifin haka.

Jitar Abzinawa tana tsakanin duniyoyin nan biyu. Kayanta na Turai ne, ɗabi'arta ta gida ce. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012 da faifan Tassili, tun asali ba mai ihu ba ne. Muryarsa tana zaune kusa da magana, kamar mai hira a bakin wutar shayi, mata da abokan tafiya suna amsa masa. Salon da aka gina a ƙasa haka tsufa ba ya samun abin ƙwata da yawa a cikinsa. Amma na baya, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun ƙara gudu da ƙara, sun matsa kusa da rok na ainihi, sun kuma shiga duniyar da ake ɗaukar waƙa a sutudiyo da na'urar daidaita sauti, a raba ta ta intanet. Waƙoƙinsu suna da mazaunin da ke rubuce. Ranar da shekaru za su cim musu, tambayar da aka yi wa Plant za ta zo ƙofarsu.

A nan akwai wani abin dariya da ya kamata yaron nan na dandalin Azagor ya sani. Tsofaffin waƙoƙin jita, irin na marigayi Abdallah Oumbadougou da suka riƙa yawo a ɓoye lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar Afrilu 1995, yawancinsu a ƙananan rikoda masu batir aka ɗauke su, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset. Idan batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren kan tafi a hankali, in an zo saurare da lafiyayyen inji sai waƙar ta fito da sauri, muryar ta tashi sama. In kuwa wajen saurare ne batir ya yi sanyi, sai ta sauka. Bambancin gudu na kashi 6 cikin 100 ya isa ya gusar da waƙa da rabin taki. Saboda haka abin da ke cikin wayar, wanda yaron ya ɗauka ma'auni ne, mai yiwuwa ba mazaunin da mawaƙin ya rera ba ne ko a ranar da aka ɗauke shi. Yana tuhumar dattijo ne da shaidar batir.

Inda haɗarin gaske yake shi ne abin da ke faruwa idan mai sauraro ya nace sai ya ji muryar faifai. Mawaƙin da aka hana sauke waƙarsa hanya biyu ta rage masa: ko ya bar dandali, ko ya sa faifan ya riƙe makirufo yana motsa baki. Turai ta ga ƙarshen wannan hanya a 1990, lokacin da aka ƙwace Grammy daga hannun Milli Vanilli bayan ta bayyana cewa ba su ne suka rera waƙoƙinsu ba. A ƙasar Hausa kuwa abin ya riga ya zama ruwan dare a bukukuwan birni, daga Kano har Maraɗi, inda mawaƙin sutudiyo kan hau dandali ya yi mamin a kan waƙarsa, a yi masa liƙi a watse. Wanda ya sauke waƙa da taki guda yana gaya wa jama'a gaskiyar shekarunsa, kuma kowane sauti da suka ji daga ƙirjinsa ya fito a wannan daren. Mai mamin bai sauke komai ba, bai kuma rera komai ba. Abin mamaki, na farkon ake yi wa tsegumi.

Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya gasa da bukukuwa, tun daga na ƙauye har zuwa irin gasar Ɗan Gurmu ta ƙasa da aka raɗa wa sunan mawaƙin nan na Tawa, suna da ta cewa a nan. Alƙalin da ya zauna da tsohon kaset a kunnensa yana jiran dattijo ya kuskure, ba waƙa yake aunawa ba. Mai tattara waƙoƙi domin adanawa kuma bai kamata ya tsaya a kan ɗaukan ƙuruciya ya ce ya gama ba. Ɗaukan tsufa, da shekararsa da wurinsa a rubuce, shi ke nuna yadda mawaƙi ya rayu da waƙarsa, abin da ya zubar da abin da ya ƙara. Malaman makaranta ma sun san matsalar ta wata fuska: duk wanda ya taɓa ɗauko taken ƙasa da safe a mazaunin da ya yi wa yara tsayi, ya ga yadda sahu ke tsit idan an zo ƙololuwa, ya san kuskuren nasa ne, ba na yaran ba.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne matashin mawaƙin yau da bai taɓa tara makaɗa ba. Kiɗansa fiyano ce ta sutudiyo ta buga shi sau ɗaya, aka zuba masa a kati, na'ura ta goge masa murya. Fiyanon tana da maɓallin da ke sauke waƙa cikin ƙiftawar ido, amma tana can birni wurin mai ita, abin da ke hannunsa a filin biki kati ne kawai. Mai shekara 30 a yau zai kai 60 a tsakiyar shekarun 2050. A ranar babu mai kalangun da zai ji muryarsa ta gaza ya sassauta hammata, babu ƴan amshin da za su karɓe masa rabin baiti, sai kiɗan da ke tsaye cak a inda ya bar shi yana saurayi.